Yadda za ku fita da yara waje a bukukuwan yanayi na Keltawa

Mutanen Ayalan da Sikotilan da tsibirin Man, waɗanda ke cikin al'ummomin da ake kira Keltawa, sun gaji ranaku huɗu da suke raba shekara da su tun zamanin da rayuwarsu ta dogara ga garke da gona. Akwai Imbolc a ranar 1 ga Fabrairu, da Bealtaine a ranar 1 ga Mayu, da Lughnasadh a ranar 1 ga Agusta, sai Samhain a ranar 1 ga Nuwamba. Rubutun sunayen yana ruɗar da baƙo, amma a baki ana cewa Imbolk, Byaltana, Lunasa da Sawin. Mutanen Wels ma suna da irinsu da nasu sunayen, kamar Calan Mai na farkon Mayu da Calan Gaeaf na farkon Nuwamba. A lissafinsu rana tana kamawa ne daga faɗuwar rana, shi ya sa yawancin hidimar ake yin ta a daren jajibere.

Duk iyalin da ke zaune a waɗannan ƙasashe, ko malamin da ke koyar da yara a can, zai ci karo da waɗannan ranaku a makaranta da unguwa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, asalinsu kalandar makiyayi ce da manomi: yaushe tumaki ke haihuwa, yaushe ake kai shanu tudu, yaushe ake ɗanɗana sabon amfani, yaushe ake dawo da garke gida saboda sanyi. Don haka ba a gane su a cikin ɗaki. Sai an fita an ga abin da ƙasa take yi a ranar. A cikin al'adun akwai na addinin gargajiya, akwai na Kiristanci, akwai na duba da camfi. Kowane gida ya san iyakarsa, kuma ana iya barin duk waɗannan a ɗauki na lura da tsirrai da tsuntsaye da aikin hannu da girki, ba tare da an rage wa yaro komai ba.

Wuri ɗaya, sanda ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman sabon wuri a kowane biki. Ku zaɓi wuri ɗaya da ba zai wuce tafiyar minti ashirin daga gida ba, mai bishiya ko shingen itatuwa, in da hali da ɗan ruwa a kusa, ku riƙa komawa can sau huɗu a shekara. Yaro ya zaɓi bishiyarsa, a ɗauke shi hoto a gindinta daga wuri ɗaya kowane zuwa. Sai ya ga reshen da ya bari tsirara a Fabrairu ya yi fure a Mayu sannan zai fahimci abin da ake nufi da juyawar shekara.

Ku tafi da sanda mai tsawon mita ɗaya cif da abin awo. A tsayar da ita a miƙe a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa daidai lokacin zawali, a auna inuwarta. A Dublin, farkon Fabrairu inuwar tana kusan kai mita uku. Farkon Mayu ba ta wuce santimita 80, farkon Agusta kimanin santimita 70, farkon Nuwamba kuma ta koma kusan mita biyu da rabi. Abin da ke ɓata wannan awo shi ne ɗaukar ƙarfe sha biyu a matsayin tsakar rana. A Dublin zawali yana faɗawa wajen 12:40 a farkon Fabrairu, wajen 1:20 zuwa 1:30 a Mayu da Agusta saboda an tura agogo gaba da awa ɗaya, sai wajen 12:10 a farkon Nuwamba. Jadawalin lokacin sallar azahar na garinku zai ba ku lokacin da ya yi kusa ƙwarai. In rana ta ɓuya a gajimare, wanda ba abin mamaki ba ne a can, ku sake gwadawa cikin mako. Kwana uku ko huɗu ba za su canza awon sosai ba.

Maganar sutura gajeriya ce amma ita ke yanke hukuncin ko fitar za ta yi daɗi. Riga uku masu sauƙi sun fi ƙatuwa ɗaya, ta ciki kada ta zama auduga domin tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, ta waje kuma wadda ruwa ba ya ratsawa. Takalmin roba ba ya ɗumi, sai an haɗa da safar ulu. A Fabrairu da Nuwamba, awa ɗaya ta ishi yaron da bai kai shekara shida ba. Ku juya gida tun yana jin daɗi, kada ku jira sai ya fara kuka.

Imbolc: ciyawar fadama da man shanu

Wannan ita ce ranar da ake ɗauka a matsayin ƙofar bazara, ko da yake sanyi na nan daram. A Ayalan ana kiranta ranar Brigid, waliyyiyar Kildare, kuma tun 2023 ake ba da hutun rana ɗaya dominta a farkon Fabrairu a ƙasar. Alamun da za ku nema ƙanana ne, sai an durƙusa. Farin furen nan mai sunkuyar da kai da ake kira snowdrop, da zaren fure mai ruwan ɗorawa da ke lilo a reshen itacen hazel, da ƙwan kwaɗi mai yauƙi a bakin kududdufi, wanda a kudancin Ayalan yakan bayyana tun cikin wannan wata. A kalla, kada a tsinka. Kan snowdrop da ke cikin ƙasa yana kama da ƙaramar albasa kuma guba ne, don haka a faɗa wa yara wannan tun kafin a isa. In za ku ratsa gonar da ke da tumaki, ku sani yawancinsu na da ciki ko sun fara haihuwa: a ɗaure kare, a bi gefen shinge, a rufe ƙofa kamar yadda aka same ta. Mace mai ciki kuma ta nisanci tumakin da ke haihuwa, domin akwai cututtukan da ke iya shafar cikinta.

Aikin hannun wannan rana shi ne saƙa da wata ciyawar fadama da Turawa ke kira rush. Za ku gane ta a wuri mai laka: tana fitowa a dunƙule, koriya shar, zagayayya kamar tsinken tsintsiya, ba ganye ba gaɓa, in an fasa ta cikinta fari ne mai laushi kamar soso. A yanke da almakashi daga gindi, kada a tuge. Kowane yaro yana bukatar guda goma sha shida masu tsawon santimita 30, a ƙara biyar saboda masu karyewa, da ƙananan robobi huɗu ko zare.

Ga yadda ake saƙa abin da ake kira gicciyen Brigid. A riƙe ciyawa ɗaya a tsaye. A ninka ta biyu gida biyu, a rataya ta a tsakiyar ta farko, bakinta biyu suna kallon dama. A danne mahaɗar da babban yatsa, a juya aikin gaba ɗaya zuwa hagu rubu'in zagaye, yadda waccan ninkakkiyar za ta koma tana kallon sama. A ninka ta uku, a rungumo waɗanda ke kallon sama da ita, bakinta ya kalli dama, a tura ta ta matse da tsakiya. A sake juyawa hagu, a sake ninka sabuwa a kan duk waɗanda ke kallon sama. Haka za a yi ta yi: juya hagu, ninka zuwa dama, matse. Bayan guda shida ko bakwai za a ga murabba'i ya fara fitowa a tsakiya. In an gama, a ɗaure bakin kowane hannu da roba, a datse su su daidaita.

Abubuwa uku ke ɓata shi. Na farko, ciyawar da ta kwana biyu a ɗaki mai ɗumi tana karyewa a wurin ninki. A jiƙa ta cikin ruwa na awa ɗaya ko biyu, kuma a riƙa danna wurin da farce kafin a lanƙwasa. Na biyu, yaro yakan saki tsakiya yayin juyawa sai komai ya watse, don haka ga ɗan ƙasa da shekara bakwai babba ya fara masa huɗun farko, ko a shimfiɗa aikin a kan tebur a riƙa juya shi a kwance. Na uku, bayan mako ɗaya ciyawar ta bushe ta tsuke, ɗaurin ya yi sako-sako. A sake ɗaure shi da zare. Gidan da ba ya son yin siffar gicciye zai iya kitsa ciyawar tufka uku, a naɗe ta kamar faifai a ɗinke da zare, a sami ƙaramin matashin kofi. Hannun yaron ya koyi abu ɗaya ne.

Da an dawo gida, a kaɗa man shanu, domin wannan rana tana da alaƙa da dawowar madara bayan ƙarancin hunturu. A sami kirim mai kauri, wanda ake sayarwa da sunan double cream, mililita 300. A bar shi a waje na awa ɗaya ya saki sanyi, a zuba a kwalba mai murfi, kada ya wuce rabinta. Yara su riƙa karɓa-karɓa suna girgizawa. Wajen minti biyar zai yi kauri har a daina jin motsinsa, a nan ne yara ke cewa ya lalace. A ci gaba. Tsakanin minti goma zuwa sha biyar za a ji wani abu ya faɗa, ruwa ya ware, dunƙulen mai ya fito. A tsiyaye tsalar a ajiye, a wanke man da ruwan sanyi sau uku ana matsa shi da cokali har ruwan ya fita garau, in ba haka ba zai yi tsami cikin kwana biyu. A sa ɗan gishiri. In kirim ɗin ya fito kai tsaye daga firji zai ɗauki kusan ninkin lokacin, in kuma kwalbar ta cika ba zai sami wurin bugawa ba.

Bealtaine: tsuntsaye da asuba, wuta da yamma

Da can a wannan rana ake hura wuta biyu a kora shanu su bi tsakaninsu kafin a hau da su makiyayar tudu, inda matasa ke zama da su a bukkoki har kaka. Tudun Uisneach da ke yankin Westmeath shi ne wurin da aka fi dangantawa da wannan wuta. A Edinburgh kuma tun 1988 ake babban taron wuta a tudun Calton a daren 30 ga Afrilu, amma taro ne na dare mai cunkoso da aka tsara don manya, ba wurin ƙananan yara ba ne.

Abin da ya fi dacewa da yara shi ne kukan tsuntsayen asuba, wanda ke kai ƙololuwa a wannan lokaci. Rana tana fitowa a Dublin kafin ƙarfe shida da 'yan mintuna, tsuntsaye kuma suna farawa kusan awa ɗaya kafin nan. A shirya kaya tun dare, a tafi da bargo da shayi a filas, a zauna shiru minti goma. Kada a ce sai yaro ya san sunan kowane tsuntsu. A ba shi takarda, ya sa ɗigo a tsakiya a matsayin kansa, duk kukan da ya ji ya yi alama a gefen da ya fito. Da rana kuma a ɗaga kai a nemi tsattsewa. Waɗannan da ke shawagi a kan gonakin Ayalan da Birtaniya a Mayu daga Afirka suka taso, sun ƙetare Sahara, kuma a Satumba za su sake kama hanya.

Akwai al'adar ƙawata ɗan itace a ƙofar gida da furanni masu ruwan ɗorawa da ƙyallaye da ɓawon ƙwai da aka rina. Ku yi amfani da reshen da ya riga ya faɗi, a kafa shi a bokitin yashi. A Ayalan doka ta hana sare shingen itatuwa ko ƙona ciyayin daji daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda tsuntsaye na kan ƙwai. Itacen hawthorn mai farin fure da ƙaya, musamman wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar gona, manoma da yawa ba sa yarda a taɓa shi har yau, kuma ya kamata baƙo ya girmama hakan. Ƙyallen da za a ɗaura ya zama auduga ko ulu, a kuma kwance shi bayan mako. Ribon na roba ba ya ruɓewa, yana shaƙe reshe, yana kama ƙafar tsuntsu. Furanni kuwa a tsinki ɗaya cikin ashirin daga inda suke da yawa, kada a tuge da saiwa. A Birtaniya laifi ne a tuge tsiron daji ba tare da izinin mai fili ba.

Sai wuta, wadda ita ce yara suka fi ɗoki kuma ita ce ta fi bukatar tsari. A yi ta a kaskon ƙarfe mai ƙafa, a farfajiyar gida ko wurin da aka ba da izini, nesa da shinge da rassa da aƙalla mita uku. Kada a taɓa hura wuta a kan baƙar ƙasar nan ta tudu da fadama da ake kira peat, domin tana ci ta ƙarƙashi kwana da kwanaki ba a gani, haka ma lokacin da aka daɗe ba a yi ruwa ba. A ja da'ira da igiya mita ɗaya da rabi daga kaskon. Ba mai shiga da'irar sai an kira sunansa, mutum ɗaya a lokaci guda, kuma ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, domin mai tsugune a kan yatsu shi ke faɗawa gaba. A ɗaure gashi, a soke mayafi da bakin hijabi cikin riga. Bokitin ruwa mai lita goma ya kasance a gefe tun kafin a ƙyasta ashana, kuma babba ɗaya ba shi da wani aiki sai kallon wutar. Busasshen itace kawai za a sa, ban da katako mai fenti da shara. In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti ashirin, ba ƙanƙara ba mai ba man goge baki, sannan a rufe da ledar naɗe abinci a nemi likita. Lambar gaggawa 999 ce ko 112. Wanda ba shi da wurin wuta ya ajiye fitilu biyu a ƙasa, tazarar mita biyu, yara su bi tsakani suna kwaikwayon garke. Ga 'yan shekara uku zuwa biyar wannan ma ya fi.

Daga wannan wata kaska ke fara yawa a dogayen ciyayi, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. A soke wando cikin safa, in an dawo a duba bayan gwiwa da hammata da bayan kunne da cikin gashi. In an samu, a kama ta da ɗan hantsaki daf da fata a ja a hankali a miƙe. Kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. Jan zobe da ke faɗaɗa a wurin cikin makonni, ko zazzaɓi, dalilin ganin likita ne.

Lughnasadh: hawa tudu

Bikin farkon girbi ne, kuma yawancin al'adunsa sun koma ranar Lahadin ƙarshen Yuli. A ranar ce dubban mutane ke hawa dutsen Croagh Patrick mai tsayin mita 764 a yankin Mayo, hawan da duwatsunsa ke zamewa kuma bai dace da ƙananan yara ba. Ƙaramin tudu ya wadatar. Abin nema shi ne 'ya'yan bilberi, waɗanda ake kira fraochán a Ayalan, blaeberry a Sikotilan. Suna fitowa a tuddai irin na Wicklow, a ɗan gajeren tsiro da da wuya ya wuce gwiwa, mai koren kara mai kusurwa da ƙananan ganye masu ɗan zarto a baki. Ɗan yana fitowa ɗai-ɗai a ƙarƙashin ganye, shuɗi mai duhu, girman wake, da ɗan zobe a ƙasansa, cikinsa kuma yana rina yatsa ja-ja. Dokar ita ce ba abin da ke shiga baki sai babban da ya san tsiron ya gani, domin a ƙasashen akwai 'ya'yan itace masu kyan gani da ke kisa, irin su jan ɗan itacen yew. Fitar farko a yi ta da wanda ya saba. Tsinkar tana da cin lokaci, yaro ba zai tara fiye da rabin kofi a awa ba, don haka kada a yi masa alkawarin cika bokiti.

A saman tudun a yi tsere da kokawa da jifan nesa, domin wasanni na cikin tsohuwar al'adar ranar, irin waɗanda a da ake yi a Teltown da ke yankin Meath. A yammacin Sikotilan ku shirya wa ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ke fitowa in iska ta kwanta; wuri mai iska ya fi musu magani.

In an sauko, ga burodin sanda: fulawa mai haɗe da sinadarin tashi giram 250, ɗan gishiri, madara ko tsala mililita 150. A kwaɓa, a raba shida, a murza kowanne ya yi kaurin yatsa, a naɗe a kan ɗanyen sandan hazel ko willow da aka feƙe ɓawonsa. A gasa a kan garwashi minti goma zuwa sha biyar ana juyawa. In ya ƙone a waje cikinsa ɗanye, ko dai an naɗa da kauri ko an kai shi cikin harshen wuta. Ya nuna in ya zare daga sandan ba tare da ya manne ba. Kada a yi amfani da sandan yew ko laurel, guba ne.

Samhain: fitilar tanif da tafiyar duhu

Nan ne aka gama girbi, aka dawo da shanu, aka shiga rabin shekara mai duhu. Daga wannan dare Halloween, bikin daren 31 ga Oktoba, ta samo yawancin al'adunta, kuma kafin kabewa ta zo daga Amurka, tanif, wato wani kayan lambu mai dunƙulalliyar saiwa, ake fafewa a yi fitila. A gidan tarihin rayuwar karkara da ke kusa da Castlebar akwai kwafin irin wannan tsohuwar fitila daga Donegal, da yara ke son gani.

A sayi babban tanif mai ruwan ɗorawa a ciki, wanda a shaguna ake rubuta swede, mai nauyin kilo ɗaya ko fiye. Yana da tauri ƙwarai, ba kamar kabewa ba, kuma a nan ake yawan yankewa. Duk aikin wuƙa na babba ne. A ɗan shafce ƙasansa ya zauna daram, a yanke saman santimita uku a ajiye a matsayin murfi. Da gajeriyar wuƙa a tsaga cikin a tsaye da a kwance kamar dara, zurfin santimita biyu, a bar santimita ɗaya da rabi daga gefe. Sai a ba yaro cokali mai ƙarfi ya riƙa ɓanɓaro 'yan murabba'an. A sake tsagawa, ya sake ɓanɓarowa, har a kusa ƙasa. Zai ci minti arba'in zuwa awa ɗaya, kuma cokalin shayi zai lanƙwashe. In bangon ya wuce santimita biyu haske ba zai ratso ba, in ya gaza ɗaya zai yamushe ya rufta. Yaro ya zana abin da yake so da alƙalami, fuska ko taurari ko ganye, babba ya huda. A huda rami biyu a gefe, santimita biyu ƙasa da baki, a zura waya a yi mariƙi. In ramin ya yi kusa da baki zai yage a hanya. Don yawo a sa ƙaramar fitilar batir. In kyandir za a sa a ajiye a ƙofar gida, sai an huda murfin, in ba haka ba wutar za ta mutu, kuma kada yaro mai kayan wasa na leda ya matso, domin irin wannan yadi yana kamawa nan take. A fafe ranar ko ana gobe, domin kwana uku ya ishe shi ya yamutse. Abin da aka fafe a dafa da dankalin Turawa a daka da man shanu.

Wasan tuffa ma na wannan dare ne. Tsoma fuska a baho don cafko tuffa yana da haɗari ga ƙanana, ga kuma yawun kowa a ruwa ɗaya. Ya fi a rataye wa kowane yaro tasa da zare a reshe, daidai haɓarsa, ya ciza hannu a baya. A zaɓi ƙanana masu laushi, a huda tsakiya a zura zaren a ɗaure da ɗan tsinke a ƙasa, domin hancin tuffa yana tsinkewa.

Burodin ranar shi ne barmbrack. A jiƙa busasshen inabi giram 375 cikin baƙin shayi mililita 300 ya kwana. Wasu girke-girken na sa giya, amma shayi kaɗai ya isa. Da safe a zuba fulawa mai sinadarin tashi giram 225, sukari mai ruwan ƙasa giram 125, ƙwai ɗaya, da ƙaramin cokali na kirfa da kayan ƙamshi. A gasa a gwangwanin burodi a zafin digiri 170 na ma'aunin Celsius na awa ɗaya ko da ɗan ƙari, har tsinke ya fito a bushe. In sama ya fara duhu da wuri a rufe da takardar gashi. A al'ada ana ɓoye zobe a ciki don duban wanda zai yi aure; ban da batun duban, abu ne da ke iya shaƙe yaro, don haka a bar shi.

An mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshen Oktoba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, ke nan ana iya tafiyar duhu a dawo kafin lokacin barci. Ku bi hanyar da yara suka sani da rana, babba ɗaya gaba ɗaya baya, kowa da riga mai ƙyalli in za a ratsa titi. A isa bishiyar nan tasu, a kashe fitilu duka na minti biyar, a riƙe hannun wanda ke tsoro, a faɗa masa tun farko cewa da ya ce a kunna za a kunna. Ido yana fara sabawa da duhu cikin waɗannan mintuna, amma hasken waya ɗaya ya isa ya mayar da shi baya. A Birtaniya za a iya jin mujiya tana kiran 'yar'uwarta a wannan lokaci. A bakin tekun Ayalan kuma, a wurare irin su Strangford da gaɓar Dublin, ana jin gunagunin dinyoyin da suka iso daga arewacin Kanada don cin hunturu.

In za a hura babbar wuta a wannan dare, a kwashe tarin itacen a sake jera shi a wani wuri a ranar da za a kunna, domin bushiya tana shiga ƙarƙashinsa neman wurin barcin hunturu, a kuma kunna daga gefe ɗaya don abin da ya rage a ciki ya sami hanyar fita. Ragowar kabewa kada a zubar a daji da sunan ciyar da dabbobi, tana ɓata wa bushiya ciki daidai lokacin da take bukatar tara kitse. A cire waya da kyandir daga fitilar, a yanyanka ta a zuba a ramin taki ko kwandon sharar abinci.